Akwatuna ko Rubutu

Litinin, 2 ga Yuni, da safe

Ruwa tun asuba. Unguwar Akpakpa ta cika, ɗan zem, wato ɗan acaɓa, ya sauke ni nesa da ofis ya ce babur ɗinsa ba kwalekwale ba ne. Da takalmi a hannu na ƙarasa.

Ko bushewa ban yi ba Darakta ya kira ni. Kamfanin bas ɗin Parakou da muke yi wa manhajar sayar da tikiti sun ce ba za su sabunta kwangila ba sai mun nuna musu kwamfuta ce ke gwada aikinmu da kanta duk lokacin da aka taɓa wani abu, ba mutum ya zauna yana latse-latse ba. Mutumin nan ni ce. Tun da aka buɗe gidan nan nake latsawa. Suna kuma so saƙonnin fasinjoji, na sauya ranar tafiya da na fasa tikiti, su riƙa fita da kansu. Duk kafin hutun makarantu.

Ya ce, "Na tace miki manhaja biyu. Ki gwada su ki zaɓa mana ɗaya. Ɗaya fa, Madam Senami. Ba mu da yawan da za mu koyi yare biyu."

Na ce to.

Da zan fita ya miƙo min hannu, ban lura ba sai da ya yi gyaran murya. Na ce hankalina ne yake kan ruwan.

Talata, 3 ga Yuni, tsakar rana

Ta farko akwatuna ce. Kana jan akwati a allo da linzamin kwamfuta ka ajiye, ka ja wani, ka haɗa su da zare. Wannan akwatin ya ce buɗe shafi, wancan ya ce zaɓi kujera, na can ya ce duba ko tikiti ya fito. Dillalinta ya nuna mana ta bidiyo daga Abidjan, sai murmushi yake, akwatunan suna ta bazuwa dama da hagu har allon ya cika. Darakta sai gyaɗa kai.

Ta biyu rubutu ce zalla. Layi a ƙarƙashin layi, umarni bayan umarni. Ba kala, ba ado.

Mahutin, wanda ke rubuta mana manhajar tikitin, ya leƙo ta kafaɗata. Dada suke ce min a ofis, wato yaya. Ya ce, "Dada, kar ki zaɓa mana wasan yara. Ni dai ba zan tsufa ina jera akwatuna ba."

Akuavi mai amsa wayar fasinjoji ta ce, "Kai da ko akwatin kayanka ba ka iya jerawa ba? Mun ga ɗakinka a hoto."

Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Bayan sun watse na buɗe ta akwatunan ni kaɗai. Kibiyar linzami ta ɓace min. Na girgiza, na girgiza, ina jin hannuna na tafiya amma babu ita. Sai da na juya kaina gaba ɗaya na same ta a gefe tana jirana.

Laraba, 4 ga Yuni, da yamma

Gajiya ce. Da damina kowa yana gajiya.

Juma'a, 6 ga Yuni, da yamma

Na ce wa ofis banki zan je. Mijina Dona ya ɗauki rabin yini daga makarantar da yake koyarwa ya kai ni asibitin ido. Ni ban roƙe shi ba. Shi ya yanko katin tun makon jiya, bayan na sake buga kafaɗa a bakin ƙofar kicin.

Suka sa haɓata a kan wata na'ura mai kama da ƙwarya, suka rufe min ido ɗaya, suka ba ni maɓalli a hannu. Likitan ya ce duk lokacin da na ga ɗan haske ya ƙyafta, in latsa. Aikina ke nan, latsawa. Na zauna ina jira a fara.

Ya ce, "Madam, ai an fara tuntuni."

Daga baya ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan ciwon a danginmu. Na ce babu. Dona ya juyo ya kalle ni. Na ce to, Papa. Papa da ya ƙare rayuwarsa a bakin ƙofa a Ouidah yana gane mu da takun ƙafa.

Abin da likitan ya faɗa bayan nan ba zan rubuta ba. Ya ba ni magani na ɗigawa safe da yamma. Ya ce in dawo.

A hanya Dona ya tsaya ya saya min soyayyar ayaba da kifi. Ban ci ba.

Lahadi, 8 ga Yuni, bayan coci

A matakalar coci ya riƙe min gwiwar hannu. Na fizge. A gaban mutane.

Da muka iso gida ya ce, "Sena, yaushe za ki gaya musu?"

"In gaya musu me?"

"Haba."

"An ba ni magani. Ina ɗigawa. Me kuma?"

Ya ɗauki takardun ɗalibansa ya koma baranda. Wannan ya fi ba ni haushi.

Aikina a ofishin nan gani ne. Ba don komai suke ajiye da ni ba. In harafi ya karkace ni ke gani. In kala ta sauya ni ke gani. Darakta yana gaya wa baƙi, "Abin da ya wuce ta gaban Madam Senami ya wuce lafiya." Sai in je in ce masa me?

Litinin, 9 ga Yuni, tsakar rana

Na gano wani abu. Kwamfutar nan tana iya karanta abin da ke allo da murya. Na sa abin kunne na kunna. Muryar mace ce, busasshiya, ba ta numfashi.

Na buɗe ta rubutu. Ta karanta min layi-layi: buɗe shafin tikiti, zaɓi Bohicon, zaɓi kujera, tabbatar. Na rufe ido na rubuta gwaji guda daga farko har ƙarshe. Ya tafi. Wallahi ya tafi. Sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Na buɗe ta akwatuna. Matar ta ce: hoto. Na matsa. Hoto. Hoto. Hoto.

Mahutin ya ga abin a kunnena ya ce, "Iye, Dada an shiga zamani. Waƙar coci ce ko ta soyayya? Bari in kira Tonton Dona in ji."

Na ce ya yi ta kansa.

Laraba, 11 ga Yuni, da hantsi

Na ce wa Darakta ta rubutu ta fi.

"Tun yanzu? Ɗayar fa kin gwada ta sosai?"

Na jero masa dalilai. Ba ta da nauyi. Ba sai mun dogara da wani dillali ba. In an sauya abu ana iya ganin wanda ya sauya. Duk gaskiya ne. Ko ɗaya ban ƙirƙira ba.

Ya ce, "Ki ba su haƙƙinsu su duka biyun. Ranar ashirin da biyar za mu zauna."

Duk gaskiya ne, na sake faɗa wa kaina a kan matakala. To me ya sa nake ta maimaitawa?

Alhamis, 12 ga Yuni, da yamma

Mahutin ya gama gyaran shafin kujeru. Na gwada da hannu kamar kullum, na ce a saki. An saki.

Rubutuna ya yi girma. Shafi guda ba ya ɗaukar komai yanzu.

Juma'a, 13 ga Yuni, da yamma

Tun da safe wayar Akuavi ba ta huta ba. A tasha an sayar wa mutum biyu kujera ɗaya, ba a mota guda ba, a motoci da yawa. An yi cacar baki, an ja rigar wani kwandasta ta yage. Wata tsohuwa da za ta jana'izar ƙanwarta a Savè aka sauke ta, motar ta tafi. Ɗanta ya kira yana ihu har muna ji daga nesa. Akuavi tana ta ba shi haƙuri, hawaye na zuba mata.

Darakta ya fito daga ofishinsa. Bai taɓa ɗaga murya haka ba.

"Mahutin! Me ka saka mana?"

"Darakta, kuskuren nawa ne, na gani, na gyara. Amma na sa gargaɗi. In kujera ta maimaitu jan rubutu yana fitowa a allon gwaji. Da ya fito da Dada ta tsayar."

"Madam Senami, ya fito?"

Na ce ban gani ba.

Ban yi ƙarya ba.

Darakta ya ce, "Ka ji. Ke nan gargaɗin naka ma bai yi aiki ba. Abu biyu ke nan." Mahutin ya koma teburinsa. Ya ce zai binciko dalili ko zai kwana a nan.

Litinin, 16 ga Yuni, da sassafe, kafin kowa ya zo

Na sake yin gwajin. Na juya kaina a hankali.

Ja ne. Ƙasa, kusurwar hagu.

Talata, 17 ga Yuni, da yamma

Na ba Akuavi ta akwatunan ta taɓa, don a ce na ba ta haƙƙinta. Na ɗauka za ta gaji ta bari.

Kafin a tashi sai ga ihunta. "Dada! Dada, zo ki gani!"

Ta haɗa abin da kanta. Fasinja ya fasa tikiti, saƙo ya tafi wayarsa, kujerar ta koma kasuwa, tasha ta samu labari. Aikin da take yi da babban yatsa tun safe har yamma, har yatsan ya yi kanta. Ta gwada da lambarta, wayarta ta yi ƙara a kan tebur, ta yi tsalle ta rungume ni.

"Ni fa, Dada! Ni da ko jarrabawar lissafi ban ci ba! Mahutin, zo ka ga wasan yaran!"

Mahutin bai ɗago ba. Yana can yana neman abin da babu.

Na tsaya a bayanta ina cewa madalla, madalla. Akwati biyu nake gani a tsakiya da ɗan guntun zare. Sauran ita ta faɗa min.

Yarinyar nan tun da ta zo ba wanda ya taɓa barin ta ta gina komai.

Alhamis, 19 ga Yuni, tsakar rana

Na sa Mahutin ya matsar da maɓallin biya zuwa wani gefe, don in ga wacce za ta jure. Gwaje-gwajen akwatuna suka zube. Na rubutu suka wuce lafiya.

Daɗin da na ji ya ba ni tsoro.

Na rubuta wa dillalin, ina fata ya rasa amsa. Nan da nan ya kira. Ashe akwai wurin da ake gaya wa akwatin ya nemi maɓalli da sunansa, ba da wurin zamansa ba. Akuavi ta gyara kafin shayina ya huce. Suka wuce su ma.

To. Ta rubutu ta fi ƙarko, na yarda da wannan har zuciyata. Ta akwatuna kowa zai iya, kuma kafin hutu. In ni ce ta bara, wacce zan zaɓa? Na zauna ina tambayar matar nan ta bara, ta ƙi amsa min.

Asabar, 21 ga Yuni, da yamma

Mun koma asibiti. Maganin bai yi abin da ake so ba. Likitan ya ce aiki za a yi, farkon wata. Na tambaye shi ko bayan aikin ganin da na rasa zai dawo. Ya cire tabarau ya ce aikin na riƙe wanda ya rage ne.

Dona ya ce yau shi zai yi girki. Ya tuƙa amiwo, jan tuwon masara, duk gudaji, ya ƙona kazar ta gefe ɗaya. Ya ajiye min ya ce, "Ki ci ta inda kike gani, can ɓangaren ba kyau."

Na yi dariya har na ƙware. Daga nan kuma abin ya juye ya zama kuka. Ya bar ni na yi mai isata.

Na gaya masa maganar jan rubutun. Ban yi niyya ba, fita ta yi.

Ya ture farantinsa gefe. Sannan ya ce, "Yaron nan yana da mata?"

"Tana da ciki."

"Hm."

"Faɗi abin da ke bakinka, Dona."

"Ba abin da zan faɗa da ba ki sani ba."

Lahadi, 22 ga Yuni, da rana

Ban je coci ba.

Litinin, 23 ga Yuni, da yamma

Mahutin ya daina tsokana. Ofis ya zama kamar ɗakin jira. Akuavi ta raɗa min cewa kamfanin bas sun nemi a cire shi daga aikinsu, Darakta ya ce zai duba bayan taro.

Da za a tashi ya jawo kujera kusa da ni. Idonsa ya faɗa.

"Dada, na gwada a kwamfutata, yana fitowa. Na gwada a ta Akuavi, yana fitowa. Ki bar min taki in duba, wataƙila wani abu ne a saitinta."

Na ce gobe.

"Ni fa ba zarginki nake ba. Ke ba kya kuskure, kowa ya sani. So nake in gane kawai. Kaina ya kusa fashewa."

Na ce gobe, Mahutin.

Talata, 24 ga Yuni, da safe

Na kira na ce zazzaɓi nake.

Laraba, 25 ga Yuni, da sassafe

Yau ne. In na ce rubutu, za su yarda, don ni na faɗa. Zan sa abin kunne in ci gaba, wataƙila shekara, wataƙila fiye, ba mai sani. Kuma ba zaɓin banza ba ne. Ba zaɓin banza ba ne.

Na ɗiga magani. Rabi a kumatu ya zuba.

Laraba, da yamma

Muka zauna a ɗakin taro. Darakta a can kan tebur, Mahutin a dama, Akuavi a hagu, sauran a bayansu. Na faɗi abin da na samu. Ta rubutu ta fi ƙarko amma sai wanda ya iya rubuta umarni. Ta akwatuna tana so a riƙa lallaɓa ta, amma Akuavi ta gina aiki da ita a yini ɗaya. Ban rage wa kowacce komai ba. Wannan kam na tabbata.

Darakta ya ce, "Mun ji. To wacce?"

Na dafa tebur.

Na ce, "Darakta, kar a ƙirga ra'ayina. Tun da muka zauna ban ga Akuavi ba. Na san tana hagu da ni ne don ina jin turarenta."

Wani ya fara dariya ya katse.

Na ce ta rubutu nake so saboda ita kaɗai zan iya aiki da ita. Na ce ban san ko don haka nake ganin ta fi ba. Na ce za a yi min aiki farkon wata. Sannan na juya ga Mahutin, sai da na juya jikina duka.

"Gargaɗinka ya fito. Babu abin da ya samu kwamfutata."

Ya kalle ni. Ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun Litinin ɗin waccan."

"Litinin ɗin waccan." Ya maimaita a hankali. "Dada, ina zaune a gefenki. Kina jina ina..." Bai ƙarasa ba. Ya ture kujera ya fita, ƙofar ta bugu.

Can sai na ji ana jan kujera a ƙasa. Akuavi ce, ta zagayo da tata ta ajiye daidai gabana ta zauna. Fuskarta duk ta jiƙe.

Darakta ya ce taro ya tashi, shi zai yanke.

Alhamis, 26 ga Yuni, tsakar rana

Akwatuna.

Ya kira ni ya faɗa min da kansa kafin ya faɗa wa kowa. Ya ce hutu ya matso, ba shi da lokacin da zai jira kowa ya koyi rubutu. Ya ce ya kira kamfanin bas, Mahutin na nan a kan aikinsa. Duk maganar nan taga yake kallo.

Na ce, "Ni fa?"

"Ki je a yi miki aikin, Madam Senami. In kin dawo sai mu zauna."

Mu zauna a kan me? Bai faɗa ba. Ban tambaya ba. Ina jin shi ma bai sani ba.

Ban san ko ya zaɓi daidai ba. Abin mamaki, yau ne karon farko da na iya duba tambayar ba tare da tsoro ba, kuma har yanzu ban sani ba.

Mahutin bai gaishe ni ba. Ni ma ban matsa ba.

Juma'a, 27 ga Yuni, da yamma

Ranata ta ƙarshe kafin asibiti. Na yini ina faɗa wa Akuavi wuraren da manhajar ke yawan yin tuntuɓe, tana jan akwatuna. Tana da kai. Ta ce in na dawo zan tarar ta cika allon. Na ce Allah ya sa. Ba mu kalli juna ba.

Dona ya ce zai jira ni a mahaɗar titi, don ana haƙa kwalbati a layin ofishinmu mota ba ta shiga. Na sauko ni kaɗai, na tsaya a bakin ƙofa ina duban hanyar. Duwatsu, katakai, tarin yashi. Da safe da bango na bi.

Sai na ji mutum ya tsaya a hagu da ni. Ban juya ba. Na san numfashin.

Muka fara tafiya. Bai riƙe ni ba.

"Katako," in ji shi. Na ɗaga ƙafa.

Muka ƙara gaba.

"Rami. Yi dama."

Na yi dama.

Har muka kusa titi bai ƙara komai a kan haka ba. Da na hango motar Dona sai na ce, "Mahutin..."

"Ban huce ba fa, Dada."

"Na sani."

"Faɗa ne da ni da ke, babba. Na tanade shi tsaf. Amma ni ba na faɗa da majinyaci." Ya buɗe min ƙofar motar, ya sa tafin hannunsa a saman ƙarfen don kar in buga kai. "Ki je ki dawo in yi miki shi da kyau."

Na ce to.